FED da Zorki, ko Canonet da Yashica: wace tsohuwar kyamara ce za ta gyaru a hannunka?

Duk wanda ya yi niyyar sayen tsohuwar kyamarar fim mai ma'aunin nisa, wadda masu harkar ke kira renjifainda, ya sa a ransa cewa da ita da aikin gyara zai saya. Mafi ƙuruciya a cikin waɗanda zan yi magana a kansu ta kai kimanin shekara 40, wasu kuma sun haura 60. Giris ɗin da ke cikinsu ya daskare, soso ya narke, gilashi ya yi hazo. Masu gyaran irin wannan kaya sun yi ƙaranci a ko'ina, kuma ladan aikinsu kan fi kuɗin kyamarar kanta. Don haka kafin a tambayi wacce ta fi fitar da hoto, gara a fara tambayar wacce ce idan ta cije, mutum zai iya buɗe ta a kan teburin ɗakinsa ya tashe ta.

Abin da ya haɗa su duka shi ne yadda suke auna nisa. Tagogi biyu ne a gaban kyamarar. Haske yana shiga ta ɗaya kai tsaye zuwa idonka, na ɗaya tagar kuma sai ya bugi wani ɗan madubi mai juyawa kafin ya haɗu da na farkon. Shi ya sa idan ka leƙa za ka ga abu ya rabu biyu a cikin wani ɗan tabo mai haske a tsakiya. Kana murɗa idon kyamarar, wato gilashin gabanta mai ɗaukar hoto, hotunan biyu suna matsowa, da sun hau kan juna saiti ya yi daidai. Leica II ta Jamus, ta 1932, ce ta yaɗa wannan tsari a ƙananan kyamarori masu fim ɗin milimita 35. Waɗanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya yau gida biyu suka kasu: na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da na Japan.

Na Sobiyet daga Leica II aka kwaikwaye su tun farko. An fara ƙera FED a birnin Kharkiv na Yukren a 1934, Zorki kuma a masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko daga 1948. Biyu ne suka fi yawo a hannun 'yan gwanjo: FED 2, wadda aka yi daga 1955 zuwa 1970, da Zorki 4, daga 1956 zuwa 1973, wadda aka ƙera fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai nata. Babu batir a cikinsu, babu mitar haske, babu wayar da za ta tsinke. Ƙarfe ne da sifirin da labulen yadi. Shotarsu, wato ƙofar da ke buɗewa ta bar haske ya faɗa kan fim, labule biyu ne na yadi mai shafen roba, ɗaya na bin ɗaya daga gefe zuwa gefe. Idon kyamarar kuma ana kwance shi kamar murfin kwalba, don haka za ka iya yin aiki a kansa daban, a jikin kyamarar daban. Wannan kaɗai ya rage wa mai koyo rabin wahala.

Ciwonsu na yau da kullum shi ne busasshen giris. Za ka ji maƙunshin naɗe fim ya yi tauri, ko ka wanke fim ka tarar gefe ɗaya na kowane hoto ya yi duhu, musamman waɗanda aka ɗauka a gudun shota na 1/500 na daƙiƙa. Abin da ke faruwa shi ne labule na farko ya yi nauyin tafiya, na biyu ya cim masa kafin su kai ƙarshe, sai tsagar da haske ke bi ta toshe. Kana iya gane wannan ba tare da ka ɓata fim ba. Cire bayan kyamarar, cire idon, ka ɗaga ta wajen taga mai haske ka danna, ka duba ko duk faɗin murabba'in ya haska. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya je ƙarƙashin kyamarar ya ƙara wa sifirin ɗin labule ƙarfi. Shota za ta yi kamar ta warke, alhali dattin yana nan, kuma yanzu tsohon yadi da ribbobinsa, wato siraran igiyoyin da ke jan sa, na shan fizgar da ba a yi su dominta ba. Gyaran gaskiya shi ne a narkar da tsohon giris da man laita, a bari ya bushe, sannan a ɗiga man agogo da bakin allura a inda ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe kawai.

Sai labulen kansa. Robar da ke jikinsa takan tsattsage da tsufa, rana kuma tana ƙona shi. Wannan ya shafe mu sosai: idon kyamara gilashi ne mai tara haske, idan ka ajiye ta a buɗe tana kallon ranar tsakar watan Afrilu, cikin ɗan lokaci za ta huda labulen. A shiga ɗaki mai duhu a haska tocila ta baya, a duba labule na farko, a ɗana shota a duba na biyu. Idan huda ɗaya ce ko biyu, ɗan baƙin fentin yadi da aka shafa da tsinke siriri-siriri yana toshe ta, matuƙar an bari ya bushe sarai kafin a naɗe labulen. Idan kuwa haske na tartsatsi ta ko'ina, sai an canja labule, kuma wannan babban aiki ne: a kwance gangunan da labulen ke naɗuwa a kansu, a yanka sabon yadi daidai awo, a liƙa shi a miƙe ba karkata ko ta gashi ɗaya. Ana iya koyonsa, amma ba a kyamarar farko ba. In ka sami dama ka duba kafin ka biya, kada ka sayi mai ruɓaɓɓen labule komai arharta.

Tsakanin FED 2 da Zorki 4, ni FED 2 nake ba mai koyo. Zorki 4 ta fi ta babbar tagar leƙe mai haske, kuma tana da gudu daga daƙiƙa ɗaya har 1/1000. Sai dai wannan gudun na ƙasa-ƙasa wani ƙaramin inji ne irin na agogo ke riƙe da shi a ƙarƙashin murfin sama, kuma shi ne ke fara cijewa. Cire shi ba wuya, mayar da shi a daidai mazauninsa ne ke ba da ciwon kai. Shi ne ma dalilin dokar da duk mai Zorki ya kamata ya haddace: a ɗana shota tukuna kafin a canja gudu. Wanda ya murɗa maɓallin gudu da ƙarfi ba tare da ya ɗana ba, yana iya lanƙwasa abin da zai yi wuyar miƙewa. FED 2 ba ta da wannan injin kwata-kwata. Gudunta ya tsaya a 1/500, a ƙasa kuma 1/25 ko 1/30 gwargwadon shekarar ƙira, sai B, inda shota ke zama a buɗe muddin yatsa na danne da maɓalli. Abin da babu shi ba ya lalacewa. Tagarta ta fi duhu, amma tazarar da ke tsakanin tagoginta biyu ta kai milimita 67, wanda ke sa awonta ya yi daidai ƙwarai.

Abu biyu ƙanana kafin in bar su. Dukansu suna da wani ɗan hannu a gindin maƙunshin mayar da fim wanda ke daidaita tagar leƙe da ƙarfin idon mutum. Sau da yawa wanda ya ce tagarsa ta yi dishi-dishi, wannan hannun ne ya goce, ba datti ba ne. Sannan lambobin gudu a Zorki 4 na shekarun baya-baya fenti ne kawai, ba sassaƙa ba, don haka kada a goga musu sifirit.

Na Japan wani tunani ne daban. An yi su ne don iyali da matafiya, ido a manne da jiki ba ya fita, mitar haske a ciki, shota kuma ba labule ba ce. Wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ne a tsakiyar gilasan idon, suna buɗewa su rufe kusan ba sauti. Canon Canonet G-III QL17, wadda aka yi daga 1972 zuwa 1982 kuma aka sayar da kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, tana da ido na milimita 40, f/1.7 (wannan lamba ita ce iyakar buɗewar kafar haskensa). Yashica Electro 35 ta fito a 1966, samfurinta na GSN da ya fi yawa kuma a 1973, da ido na milimita 45, f/1.7. A gefensu akwai Olympus 35 RC da Minolta Hi-Matic 7s da Konica Auto S2, waɗanda ciwonsu ya yi kama da na Canonet. Idan suna da lafiya sun fi na Sobiyet daɗin riƙewa nesa ba kusa ba. Matsalarsu ita ce laifinsu ba shi da tsaka-tsaki: ko dai ya zama mai sauƙin da yaro zai iya, ko ya zama can cikin ƙurya.

Mai sauƙin shi ne soso. An jera baƙin soso a bakin ƙofar baya don tare haske, kuma bayan shekaru ya koma wani abu mai danƙo da ke manne wa yatsa. Alamarsa a hoto ita ce jan zane ko ruwan lemo da ke ratsa gefe. Da tsinken sakace da ɗan sifirit ake kankare shi, ana kiyaye kada ɓurɓushinsa ya faɗa cikin idon ta baya. Sai a yanka sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 2 a liƙa. Idan ba a sami soso ba, baƙin zaren ulu da aka cusa cikin siraran kwaruruwan yana aiki, kuma shi ba ya narkewa. Aikin yamma ɗaya ne, kuma Canonet da yawa da ake sayarwa a matsayin matattu wannan ne kawai ke damunsu. Wasu ma ko wannan babu: idan zoben idon yana kan harafin A, wato kyamara ta yi saitin haske da kanta, kuma babu batir, Canonet tana kulle maɓallin ɗauka. Ka kawar da zoben daga A, sai ta harba, domin shotarta ta sifirin ce.

Batir shi ne na biyu. Canonet an yi ta ne don batirin makuri mai lamba PX625, mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. Batirin alkalin mai irin girmansa bolt 1.5 ne, kuma ƙarfinsa na raguwa a hankali, don haka mita ba za ta faɗi gaskiya ba daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi kusa shi ne batirin na'urar ƙara ji mai lamba 675, bolt 1.4, a sa masa ɗan zoben roba ya zauna daram. Ba ya daɗewa da zarar an ɓare takardar bayansa, busasshiyar iska irin ta hunturu kuma tana ƙara rage masa kwana. Wanda bai son wannan dawainiya yana iya yin watsi da mitar gaba ɗaya ya riƙa saiti da hannu, kamar yadda mai FED ke yi dole.

A nan ne Yashica ta rabu da Canonet, kuma rabuwar babba ce. Shotar Electro 35 lantarki ne ke sarrafa ta. Ba batir, gudu ɗaya kawai take da shi, 1/500. Batirinta na asali PX32 ne, bolt 5.6, amma tana karɓar na bolt 6 irin 4LR44 ba tare da matsala ba idan aka cike ragowar ramin da sifirin ko ɗan bututu. Idan tsohon batir ya zuba a ciki, ruwan khal a kan auduga yana cinye farin gishirin, sai dai sau da yawa tsatsar ta riga ta bi waya ta tsinke ta daga ciki, kuma dole sai an yi liƙin dalma. Sannan akwai sanannen ciwonta: wata 'yar roba mai kaurin kusan milimita 2 da ke kan sandar maɓallin ɗauka, wadda idan ta ruɓe sai mahaɗan lantarkin su daina haɗuwa daidai. Gwajinta a kunne yake. Ka ja hannun naɗe fim a hankali, idan ka ji wani ƙwas mai ƙarfi a farkon jan, robar na nan. Idan shiru, ta mutu. Ana canja ta ta hanya biyu: a cire murfin sama a lallaɓa ta wata 'yar kafa da allura da matsefata, ko a ɗaye fatar gaba a zaro allon idon gaba ɗaya da wayoyinsa. Wanda ya saba gyaran waya ko rediyo ba zai ji tsoron wannan ba. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, kada ya fara da Yashica.

Ciwon ƙurya da na Japan duka suka yi tarayya a kai shi ne maƙalewar ganyayyakin shota. Mai daga tsohon giris yana tururi ya sauka a kansu, su kuma an yi su ne su yi aiki a bushe ƙayau. Ɗigo ɗaya ya isa ya riƙe su. Kafin ka kai gare su sai ka kwance zoben gaban ido mai ɗauke da sunan kyamarar, ka cire gilasan gaba, wani lokaci har na baya, sannan ka riƙa shafa man laita da tsinken auduga kana harbawa, kana sakewa, har mai ya daina fitowa. Yakan yi aiki. Yakan kuma dawo bayan wata biyu, domin tushen man yana can cikin injin da ba ka kai gare shi ba. Wanke shi na haƙiƙa sai an kwance shotar ɗungurungum, kuma mayar da waɗannan ganyayyaki a jerensu aiki ne da ya fi canja labulen FED cin rai. Duk abin da za a yi, kada a kusanto da man feshi na WD-40 ko man keken ɗinki kusa da kowace irin shota.

Goge gilashi kuwa doka ɗaya ce ga gidajen biyu, kuma a nan mutane suka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, wanda ya ɗora ƙyalle ya murza kafin ya hure ta, zane zai bari a gilashin har abada. A fara hurewa da robar hura iska, a share da burushi mai laushi, sannan a ɗiga ruwan goge gilashi a kan takardar, ba a kan gilashin ba. Rufin da ke kan tsofaffin idanun Sobiyet irin Jupiter-8 da Industar-26M yana da laushi, ba ya son matsi. Fumfuna kuma, wadda ke kama da saƙar gizo a cikin gilashi, damina ce lokacinta, kuma jakar fatar da kyamarar ta zo a ciki ita ce babban gidanta. Idan sabuwa ce tana fita da haidurojin feroksaid na kemis. Idan ta daɗe ta riga ta ci gilashin, tabon ba ya fita, kodayake ɗan tabo a gefe ba kasafai yake bayyana a hoto ba. A nan ma na Sobiyet sun fi sauƙi, domin idan ido ya lalace sai ka kwance ka sayi wani. A Canonet, mutuwar ido mutuwar kyamara ce.

Akwai gilashi ɗaya da ba a taɓawa ko kaɗan. Idan ka cire murfin sama za ka ga wani ɗan madubi a karkace cikin tagar leƙe, mai ɗan launin zinariya ko azurfa, wanda ke barin rabin haske ya wuce ya mayar da rabi. Shi ke samar da tabon saiti. Rufinsa siriri ne ƙwarai, kuma a kyamarorin Japan da yawa shafa ɗaya da auduga tana ɗauke shi, daga nan tabon ya ɓace ke nan. A goge sauran tagogin ciki da waje, shi kuwa a hure shi da iska a bar shi.

Daidaita ma'aunin nisa shi ne wurin da FED 2 ta fi burge ni. Ka kai idon ƙarshensa na nesa, ka saita wata da daddare ko dogon ƙarfen sabis da ke can nesa. Idan hotunan biyu ba su haɗu gefe da gefe ba, akwai wani sukuru a gaba kusa da tagar leƙe wanda murfi ne kawai, a bayansa akwai ƙaramin sukurun saiti da ake juyawa kaɗan-kaɗan. Idan ɗaya ya ɗara ɗaya sama, sai a kwance zoben zagayayyar tagar a juya gilashin da ke ciki, sannan a koma a sake duba na gefe domin ɗaya na taɓa ɗaya. Duk wannan ba tare da an buɗe kyamarar ba. Bayan haka a gwada kusa: a liƙa salatif mai dishi-dishi a inda fim ke kwanciya, a riƙe shota a buɗe a kan B, a ajiye jarida a nisan mita ɗaya, a ga ko abin da tabo ya ce ya yi daidai da abin da ke kan salatif. A na Japan sukurorin suna nan su ma, amma yawanci a ɓoye ƙarƙashin murfin sama, kuma an ɗaure su da ɗigon fenti.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma akasarinsu suna wajen masu gyaran waya da masu gyaran agogo: ƙananan sukurudirebobi, matsefata, gilashin ƙara girma, faranti mai gida-gida na ajiye sukurori bisa jerin da aka ciro su. Abu ɗaya ne ke buƙatar kulawa. Sukurorin Japan masu kan gicciye na tsarin JIS ne, sun yi kama da Phillips amma ba ɗaya ba ne, kuma sukurudireban Phillips yana zamewa ya cinye musu kai. Na Sobiyet masu tsaga ɗaya ne, ƙarfensu kuma da laushi, sai an sami baki mai cika tsagar daidai. A ɗauki hoton kowane mataki da waya. Idan za a raba zaren idon da ke murɗawa don sa sabon giris, a yi alama a daidai inda ya rabu, domin yana da bakin shiga fiye da ɗaya kuma ɗaya ne kawai daidai. Siraran zobban da za a tarar a bayan gilasan Jupiter-8 su ke riƙe da saitinsa, a mayar da su yadda aka same su.

Akwai biyu da zan ce a bar wa gwani. Kiev, wadda masana'antar Arsenal ta birnin Kyiv ta kwaikwaya daga Contax ta Jamus, tana da shotar ƙarfe mai sauka daga sama a kan ribbobin yadi, kuma cikinta ya fi na FED cunkoso sau da yawa. Leica M3 ta 1954 kuwa tsadarta kaɗai ta isa dalili, ga shi tana buƙatar maɓuɗai na musamman, kuma kuskure ɗaya a tagar leƙenta zai ci kuɗin da ya isa sayen FED da yawa.

To, wacce za a ɗauka? Wanda burinsa ya koyi yadda kyamara ke aiki, ya buɗe ya rufe ba fargaba, ya nemi FED 2 mai lafiyayyen labule, in da hali ya haɗa da matacciya ta biyu don kayan canji da gwaji. Wanda burinsa hoto ne, gyaran kuma dole ce ta sa, ya nemi Canonet wadda shotarta ke harbawa a kowane gudu kuma ganyayyakinta a bushe suke, ya canja soso, ya sa batir, ya tsaya nan. Yashica ta mai iya liƙin dalma ce, kuma a hannunsa za ta biya shi da ido mai kyau ƙwarai a kuɗi kaɗan. Zorki 4 ta dace ta zama ta biyu, bayan hannu ya faɗa a kan FED.

Kowacce aka gyara, kada a kai ta biki ko suna da fim ɗin farko. A sa mafi arhar fim da aka samu, a ɗauki farin bango a kowane gudu don a ga ko hasken ya bazu daidai, a ɗauki abu a mita ɗaya da kafar haske a buɗe gaba ɗaya don gwada saiti, a bar kyamarar cikin hasken rana da murfin ido a rufe na ɗan lokaci don a kama ɗigar haske ta ƙofar baya. A rubuta abin da aka yi a kowace lambar hoto, domin ranar da fim ya dawo daga wanki, wannan takardar ce za ta nuna sukurun da ya rage a taɓa.